Darasi na Tara: Wane Sauti Za a Kunna Lokacin Bitar Karatu?

Yawancinmu sai bayan sallar isha'i muke samun sukunin buɗe littafi. A lokacin kuwa gida bai yi tsit ba. Yara na guje-guje a tsakar gida, janareton maƙwabta na ruri, 'yan hira sun cika ƙofar gida. Shi ya sa wasu ke kunna waya ko rediyo don su danne hayaniyar. Dabara ce mai kyau, sai dai ba kowane sauti ne ke taimakon mai karatu ba.

Ku lura da kanku idan kuna haɗa baƙi da wasali. Ko leɓe bai motsa ba, kuna faɗin kalmar a zuci: ka, su, wa, kasuwa. To, idan waƙa mai baiti na tashi a gefenku, kalmominta ma nan suke shiga, su yi ta ture na littafin. Sai mutum ya kai ƙarshen layi da yatsansa, ya ga bai riƙe komai ba, amshin waƙar ne kawai a bakinsa. Ba laifin ƙwaƙwalwarsa ba ne, kuma ba tsufa ba ne. A shekarar 1989 wasu masana biyu, Salamé da Baddeley, sun ba mutane jerin lambobi su riƙe a ka. Suka tarar waƙa mai murya ta fi kiɗa zalla ɓata musu hadda, a shiru kuma suka fi riƙe lambobin.

Don haka in wurinku shiru ne, kada ku kunna komai.

In kuwa akwai hayaniya, ku nemi sautin da babu magana a cikinsa: busar sarewa, ko gurmi da ake kaɗawa a hankali ba tare da rera waƙa ba. Wasu sautin ruwan sama suke ajiyewa a waya, wasu ƙarar fanka ta ishe su. Kalangu kam ban ba ku shawararsa ba, duk da daɗinsa. Kalangu magana yake yi, kunnen Bahaushe kuwa da ya ji take sai ya bi shi. Labaran rediyo da wasan kwaikwayo ma a bar su sai an rufe littafi. Kuma ku zaɓi abin da kuka saba ji, domin sabon kiɗa jan hankali gare shi.

Akwai masu sa karatun Alƙur'ani da kyakkyawar niyya. Amma aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da a saurara, a yi shiru idan ana karanta shi. Gara a ware masa lokacinsa.

Sautin ya zama can ƙasa-ƙasa, yadda idan aka kira sunanku daga ɗaki za ku ji. Masu sa abin kunne su kiyaye: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin sautin waya. Da kun zaɓa, ku kifa wayar nesa da hannu.

Aikin gida

Ku karanta shafi ɗaya kowane dare har kwana uku, minti goma sha biyar-biyar. Daren farko a shiru, na biyu da kiɗa zalla, na uku da waƙar da kuke so. Kowane dare ku rufe littafin, ku rubuta kalmomin da kuka tuna, ku ƙirga su. Ku kawo takardar zuwa aji ranar darasi na gaba.