Kafin ka tura wa alhazai bayanin Nusuk, gwada shi tukuna

Na rubuta wa mutanenmu a Madina yadda ake neman izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, ni a ganina bayani ya fita tas, ina ba wata Hajiya ta maƙale tun layi na biyu. To ga yadda nake yi yanzu.

Da farko nemo mutum uku ko huɗu da ba su taɓa buɗe Nusuk ba, ka sa da dattijo a ciki, banda yaran nan da suka haddace waya kamar Fatiha.

Na biyu, miƙa masa takardar, ka ce "Baba bismillah", sai ka kama bakinka. Nan ne aikin wallahi, hannunka zai dinga ƙaiƙayi ka karɓi wayar ka danna masa, kar ka karɓa, kallo kawai.

Na uku, duk inda ya tsaya ka yi alama. Ni na rubuta "danna Rauda" da boko, ashe wayar Hajiya a Larabci take, tana ta neman kalmar babu.

Sai ka gyara wajen, ka haɗa da hoton allon, ka ba wani sabo wanda bai ga na farkon ba.