Yadda ake ƙara wayar fitilun lambu har ƙarshen gida

Yawanci da fitila huɗu ko biyar ake farawa, daga ƙofar gida zuwa bakin baranda. Bayan wata biyu sai uwargida ta ce gindin darbejiyar can duhu ya yi yawa. Aikin ba wuya, tunda fitilun da bolt 12 suke aiki, ba wutar KEDCO mai bolt 230 ba. Sai dai wannan ƙarancin ƙarfin shi ne kuma yake sa fitilar ƙarshe ta riƙa haske kamar aci-bal-bal.

Fara da taransifoma, wato ɗan akwatin da yake sauke wutar gida zuwa bolt 12. A jikinta an rubuta wat nawa take ɗauka. Haɗa wat ɗin tsofaffin fitilun da na sababbin, kada jimillar ta wuce kashi 80 cikin 100 na abin da aka rubuta. Mai wat 60 kenan ta tsaya a 48. In an cika mata lodi zafi take ɗauka, wanda ya san zafin Afrilu a Kano kuwa ba sai an yi masa bayani ba.

Sai waya, kuma a nan mutane suke yin arhar da ba ta ado. Ɗauki fitila 12 masu wat 3, wato wat 36, amfiya 3 (yawan wutar da take bi ta wayar kenan). In ka kai su nisan mita 30 da waya mai kaurin 1.5mm, kusan bolt 2 zai zube a hanya. Da 2.5mm abin da zai zube ya ɗan haura bolt 1, da 4mm kuwa bai kai 1 ba. A wutar gida bolt 2 ba komai ba ne, amma a nan kashi ɗaya cikin shida ne na ƙarfin gaba ɗaya. Ni dai ba na sauka ƙasa da 2.5mm. In ka shiga Sabon Gari sayen wayar, kankare silinta ɗaya da wuƙa a gaban mai shago. In cikinta fari ne, alminiyom ce aka yi wa wankan tagulla, ajiye masa abarsa.

Zare taransifoma daga soket, ka fere bakin wayoyin, ka murɗe su sosai. In DC ce, kamar ta batirin sola, ja da ja, baƙi da baƙi, kuma ka sa fiyus kusa da batirin. Salatif kaɗai ba ya riƙe mahaɗa a waje: rana ta sassauta shi, ruwan Agusta ya shiga, tagullar ta yi kore. Sa robar nan da ake hura wa zafi ta tsuke, sannan ka kulle mahaɗar a ƙaramin akwatin roba mai hana ruwa, sama da inda ruwa yake kwanciya.

Kada ka binne tukuna. Kunna bayan magariba, ka auna fitilar ƙarshe da mitar gwada bolt. In ta gaza bolt 11, ja wa sababbin fitilun wayarsu daban tun daga taransifoma maimakon jona su a wutsiyar tsohuwa.

In komai ya yi, haƙa rami mai zurfin santimita 15, ka zura wayar cikin bututun roba saboda ɓera da fartanyar mai lambu. Kada ta shiga bututu ɗaya da wayar wutar gida. Kafin ka mayar da ƙasa, ɗauki hoton ramin a wayarka ta salula, don ranar da za a zo dasa mangwaro a san inda ba a sara.