Yadda ake duba kamshaf da sassan da suka ɓace a tsohon injin dizal

Tsohon injin dizal da ya ratsa hannun makanikai da yawa yakan dawo wa mai shi da wani ƙaramin sashe a ɓace, kuma galibi kamshaf, sandar ƙarfen nan mai ƙusumbi da ke buɗe bawul, shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa. Saboda haka kada a tayar da irin wannan inji sai an duba shi da ido da hannu.

Da farko a cire kan batir, a buɗe murfin saman inji, a goge baƙin mai daga kan kowane ƙusumbi. Lafiyayyen ƙusumbi sumul yake yana sheƙi. Idan aka bi kansa da farce aka ji tsagi ko ƙananan ramuka, ko aka ga tsininsa ya gajarce fiye da na maƙwabcinsa, to ya cinye, kuma bawul ɗin ba ya buɗewa yadda ya kamata. A nan ya wajaba a canza kamshaf tare da tafet ɗinsa, wato 'yan ƙarafan da ke tsakanin ƙusumbi da bawul, domin tsohon tafet zai ci sabon ƙarfe cikin ɗan lokaci. Injin Volkswagen 1.9 TDI mai tsarin PD, inda kowane nozul mai fesa dizal ke da nasa famfo, ya yi suna da wannan matsala, saboda kamshaf ɗinsa ne ke danna nozul, ƙusumbinsa kuma sirara ne, shi ya sa kamfanin ya gindaya mai na ma'aunin 505.01.

Daga nan a ƙirga murafan da ke danne kamshaf a mazauninsa. Wannan mataki ne na fi so mai karatu ya riƙe da kyau, domin tare da kan silinda, wato ɓangaren saman inji da kamshaf ke zaune a kai, aka huda su a masana'anta, kowanne da lambarsa da fuskar da yake kallo. Idan ɗaya ya ɓace, aro daga wani inji ba ya magance matsalar: ko ya matse kamshaf har ya karye, ko ya bar shi yana rawa. Mafita ita ce a kai wa masu gyaran ƙarfe su sake daidaita ramin gaba ɗaya, ko a nemi wani kan silinda cikakke. Wajen ɗaure su kuwa, a riƙa bin notocin kaɗan-kaɗan, bi da bi.

Sannan a nemi ƙananan abubuwa: shim ɗin da ke daidaita tazarar bawul a injuna irin su Peugeot XUD, da 'yan ƙarafan nan biyu da ke riƙe kan kowane bawul, waɗanda rashin ɗayansu kan sa bawul ya faɗa cikin silinda. Duk notin da ba a gani ba, a nemo shi a ramukan mai ko a kaskon ƙasan inji. A duba kuma famfon iskar birki, wanda a injuna da dama ƙarshen kamshaf ne ke juya shi.

Bayan an daidaita alamomin taimin, waɗanda ke nuna cewa kamshaf na tafiya daidai da fistin, a juya karanshaf, babbar sandar da fistin ke juyawa, da sifana zagaye biyu cikakku, wanda ya zo daidai da zagaye ɗaya na kamshaf. Idan ya cije, kada a tilasta shi, domin tazarar fistin da bawul a injin dizal ƙanƙanuwa ce ƙwarai. A shafa mai a kan ƙusumbin, a zuba sabon mai da sabuwar filta, sannan a tayar. Idan fitilar mai ba ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi ba, a kashe injin nan take.