Yadda ake kula da tumfafiya idan tsutsa ta cinye ganyenta

Mai barin tumfafiya a bayan gidansa, don magani ko don ganyen da ake daskarar da madara a yi cuku, yakan wayi gari ya tarar an yi mata ƙwal, saura kara. Kada ka ɗauko maganin feshi. Tumfafiya ba ta mutuwa don an cinye ganye, kuma feshin zai zauna a kan ganyen da za ka yi amfani da shi.

Fara da juya ganyen da ya rage. In ka ga tsutsa mai zanen baƙi da fari da rawaya, da siraran ƙahonni shida a bayanta, 'yar malam-buɗe-littafi ce, irin mai fiffike ruwan goro. Dafin nonon tumfafiya take tarawa a jiki, shi ya sa tsuntsu ba ya sha'awarta. A Amurka takanas ake shuka dangin wannan tsiro don ciyar da 'yar'uwarta, wadda in ta yi fiffike take ƙaura har Meziko.

Bar tsutsar ta ƙoshi. Kamar mako biyu take ci, sai ta rataye kanta a kara cikin kwanso mai ɗigon zinariya. In sun yi yawa, kwashe wasu da ganye ka kai wata tumfafiyar a fili. Kada ka zuba su a zogale, yunwa ce za ta kashe su.

Bayan sun gama, sare rassan da suka tsiraita da wuƙa mai kaifi, dab da saman gaɓa, amma ka bar reshen da kwanso ke rataye. A nan ake taka-tsantsan. Sa safar hannu, ka kawar da fuska, domin nonon yana ƙona ido ƙwarai. In ya fantsama, wanke da ruwa mai tsafta sosai, ka wuce asibiti ba jira. Abin da ka sare kuma ka kai inda yara ba za su taɓa ba.

Ruwa kaɗan ya ishi tumfafiya, saiwarta tana da zurfi, lema mai yawa ruɓar da ita take.

Toho zai fito cikin 'yan makonni, kuma shi ƙananan ƙwarin darɓa masu launin rawaya ke rufewa. Watsa musu ruwa da ƙarfi, amma duba ƙarƙashin ganye tukuna: ƙwan malam-buɗe-littafi ƙarami ne, fari-fari, ɗai-ɗai yake manne.