Yadda za ka gyara baccinka kafin ka kai ga shan ƙwaya

'Yan uwa mazauna Makka da Jidda, rashin baccin nan ya yi mana yawa wallahi, musamman masu dawam ɗin dare, wato aikin dare, da direbobi da wanda azumi ya juya wa dare ya koma rana har yau bai dawo daidai ba. Babba na buƙatar awa 7 zuwa 9, in aka daɗe ba a samu ba hawan jini da ciwon suga sun samu ƙofa, ga mantuwa ga saurin fushi, direba kuwa gyangyaɗi ɗaya a hanyar Jidda ya isa ya jawo musiba.

Fara da lokacin tashi. Ka tsayar da lokaci ɗaya kullum har ranar Juma'a, ko da daren bai yi daɗi ba, ka fita hasken safiya ya taɓa ka kafin rana ta yi zafi. Ƙailula kuma minti 20 zuwa 30 bayan azahar ta isa, ba irin wadda za ka miƙe ƙarƙashin mukayyif, wato AC, sai kiran magariba ya tashe ka ba.

Sai shayi da gahawa, nan ne yawancinmu muke cutar kanmu. Kafeyin ɗin da ke ciki bayan kamar awa 5 rabinsa na nan a jini, to ka ga wanda ya sha bayan isha'i ai har tsakar dare yana tare da shi. Daga la'asar ka tsaya. Na san da nauyi ka je gidan mutum a miƙo finjali ka ƙi, to ɗauki dabinon ka yi godiya, ba wanda zai riƙe ka.

In ka kwanta ajiye waya nesa, hirar WhatsApp da mutanen gida a yi ta tun da wuri. In ɗakin haɗaka ne nemi abin toshe kunne da ƙyallen rufe ido. Ka yi kamar minti 20 bacci bai zo ba? Tashi ka zauna a haske kaɗan, ka yi lazimi, sai ido ya yi nauyi ka koma.

Ƙwaya kuma dan Allah kar ka karɓa a hannun aboki. Irin su Valium da Xanax da Stilnox a ƙasar nan sai da takardar likita, kama ka da su babu takarda babbar magana ce, kuma likita ma na ɗan lokaci yake bayarwa, sati 2 zuwa 4, don jiki na sabawa sai ya nemi ƙari. Ko Panadol Night da ake samu a saidaliyya, wato kantin magani, yana barin mutum da kasala da safe, tsofaffi har faɗuwa suke. Wanda ya riga ya saba da irin su Valium ɗin kar ya yanke lokaci ɗaya, yana iya jawo jijjiga, likita ne zai riƙa rage masa a hankali.

In abin ya kai dare 3 a sati har wata 3, ko iyalinka sun ce kana minshari numfashi na ɗaukewa, je mustashfa, wato asibiti, ko ka kira 937 na ma'aikatar lafiya a haɗa ka da likita.