Yadda ɗalibin likitanci na Karibiyan zai samu gurbin horo a Amurka

Digirin likitanci daga tsibiran Karibiyan shi kaɗai ba ya ba ka damar duba mara lafiya a Amurka. Sai ka yi horon ƙwarewa a asibiti, wato residensi, shekara 3 zuwa 7 gwargwadon fanni, kuma gurbin ba a hannun makarantarka yake ba. Ta wannan hanya na biyo har na gama horo a fannin cututtukan manya, shi ya sa nake so duk mai shirin tafiya ya fara lissafinsa daga nan.

Hukumar NRMP, mai haɗa masu neman horo da asibitoci, ita ce ke raba gurabe kowane watan Maris, a tsarin da ake kira Match. A 2024 fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗaliban da ke kammala digirin MD a makarantun Amurka sun samu gurbi. Amurkawan da suka yi karatu a waje, kusan kashi 67. Baƙi kuwa ba su kai kashi 60 ba. Makarantar da ke zawarcinka za ta iya nuna maka kashi 90 da ɗoriya, amma waɗanda suka kai ƙarshe take ƙirgawa. A zangonmu na farko sai ka yi sammako kake samun kujera a zauren lacca, kafin mu bar tsibirin kuwa layuka guda-guda ba kowa a kansu. Wasu sun faɗi, wasu kuɗi ya ƙare, wasu kuma jarrabawar tantancewa ta makaranta ta tare su, ba a ma bar su sun zauna Step 1 ba, matakin farko na jarrabawar lasisin likitanci ta Amurka. Don haka tambayarka ita ce: cikin waɗanda suka fara tare, nawa suka samu gurbi? In aka shiga yi maka kwana-kwana, to ka riga ka samu amsa.

Kafin ka biya ko sisi, duba sunan makarantar a World Directory of Medical Schools, ka tabbatar akwai bayanin ECFMG, hukumar da ke tantance likitocin da suka yi karatu a wajen Amurka, da ke cewa ɗaliban makarantar za su iya neman shaidar hukumar, domin ba a shiga horo sai da wannan shaida. Makarantun da aka fi sani su ne St. George's ta Girenada da aka kafa a 1976, da Ross wadda ta koma Barbados daga Dominika bayan guguwar Maria ta 2017, da AUC a Sint Maarten, da ta tsibirin Saba. Kuɗin karatu a manyan cikinsu ya haura dala 200,000, kuma bashin karatu na gwamnatin Amurka ba na baƙo ba ne.

Sai jarrabawar USMLE, wato ta lasisin likitanci mai matakai uku, Step 1 zuwa Step 3, kuma nan gizo ke saƙar. Tun Janairun 2022 Step 1 ba ta da maki, ko ka ci ko ka faɗi. Kada wannan ya sa ka yi sakaci, faɗuwa sau ɗaya tana nan a takardarka har abada, kuma shirye-shiryen horo da yawa suna tace masu nema da ita tun kafin wani ya karanta sunanka. Idan jarrabawar gwaji ta NBME da kake yi don auna kanka ba ta nuna ka shirya ba, ɗage ranar. Na fi son ka makara da wata biyu da ka shiga da shakka. Makin da ya rage a auna ka da shi na Step 2 CK ne, don haka ka ba ta duk ƙarfinka, sakamakon ya fito kafin Satumba. An soke Step 2 CS, ta gwajin duba mara lafiya a aikace, a 2021, yanzu ECFMG na neman jarrabawar Turanci ta OET.

Shekara biyun ƙarshe na zagayen asibiti ne, galibi a Amurka. Nace a tura ka asibitin da ke da nasa shirin horo a fannin da kake so. Can ne shugaban shirin zai gan ka da asuba riƙe da sakamakon gwajin marasa lafiyarka kafin a tambaya, kuma daga can wasiƙun shaida masu nauyi ke fitowa. Wasiƙar likitan da ya ga aikinka mako huɗu ta fi ta babban farfesan da bai san fuskarka ba.

Wajen zaɓen fanni, a faɗi gaskiya. Ƙofa ta fi buɗewa a cututtukan manya, likitancin iyali da na yara. Fata, ƙashi da tiyatar ƙwaƙwalwa kuwa, ko 'yan gida suna shan wuya. In zuciyarka na can, nema, amma haɗa da fanni na biyu.

Baƙo yana da ƙarin aiki, wato biza. ECFMG ce ke ɗaukar nauyin bizar J-1, tana buƙatar takarda daga ma'aikatar lafiyar ƙasarka, kuma sharaɗin bizar shi ne ka koma gida shekara 2 bayan horo, sai dai in ka samu sassauci irin na Conrad 30 ta hanyar aiki a yankin da ke ƙarancin likitoci. Bizar aiki ta H-1B kuwa sai wanda ya ci Step 3. Ba kowane asibiti ke karɓar mai biza ba, to ka bincika kafin ka kashe kuɗin nema.

Takardun neman gurbi ta shafin intanet na ERAS ake turawa a Satumba. Su cika tun ranar farko, domin gayyatar intabiyu ba ta jiran kowa. Wajen jera zaɓi, sa duk inda ka yi intabiyu kuma za ka iya zama, bisa son ranka, tsarin bai hukunta mai sa babban asibiti a sama.

Ranar Litinin ta makon Match ake sanar da kai ko ka samu. Wanda bai samu ba yana da SOAP, inda ake cike ragowar gurabe a kwanakin makon, don haka ka tanadi takardun wani fanni tun kafin ranar. In nan ma ba a dace ba, kada shekarar ta wuce a banza: ci Step 3, nemi aikin bincike ko na asibiti, ka samo sababbin wasiƙu, domin shirye-shirye da yawa suna duba shekarar da ka kammala, kuma kowace shekara ta ƙaru tana rage masu kiranka.