Yadda Ake Zaɓen Launin Fenti da Rim ga Motar Gudu: Misalin Porsche 911

Duk wanda ya yi niyyar sayen motar gudu irin Porsche 911, ko kuma sake wa wadda yake da ita fenti, ya kamata ya yanke shawarar launin bodi da na rim a zama guda, domin tayoyin wannan mota manya ne, bodin kuma gajere ne a ƙasa, saboda haka ido yana sauka a kan rim tun kafin ya gama zagaya jikin motar. A samfurin Carrera S na zamanin nan, rim ɗin gaba inci 20 ne, na baya kuma inci 21, wanda ke nufin kuskure a nan ba ya ɓoyuwa.

Mataki na farko shi ne ka tantance irin fentin kafin ka kai ga launinsa. Akwai fenti zalla wanda ba a gauraya shi da komai ba, akwai mai ƙyalli wanda aka zuba wa ƙananan ɓarɓashin alminiyom, akwai kuma mai walwali wanda launinsa ke sauyawa kaɗan idan ka canza wurin tsayuwa. Fenti zalla ya fi sauƙin gyara, domin mai fenti zai iya haɗa shi ya dace idan ƙofa ta samu ƙarce. Mai walwali kuwa, musamman wanda ake fesawa hawa uku, yana ba ƙwararru ma wahala, har sai an bi da feshin zuwa sassan da ke maƙwabtaka da wurin da ya lalace kafin bambancin ya ɓace. Shi kuwa fenti marar sheƙi, wanda samari ke sha'awa a yanzu, ba a goge shi da injin gogewa, domin gugar za ta sa wurin ya yi sheƙi ya fita daban, kuma ƙarce ɗaya na iya tilasta a sake fesa ɓangaren gaba ɗaya. A ganina, wanda ba shi da rufaffen gareji bai kamata ya kusance shi ba.

Daga nan sai launi. Launukan motocin gudu suna da tarihi, domin tun farkon ƙarni na 20 ƙasashe ke shiga tsere kowace da nata launi: Faransa da shuɗi, Birtaniya da kore, Italiya da ja, Jamus kuma da fari kafin ruwan azurfa ya zama tambarinta daga shekarar 1934. Da yake Porsche kamfanin Jamus ne, shi ya sa ruwan azurfa ke zama daram a jikin 911, yana fito da lanƙwasar ƙugunta na baya ba tare da hayaniya ba. Jan da kamfanin ke kira Guards Red ya shahara a jikinta tun shekarun 1970, kuma har yau bai tsufa ba. Baƙi yana da kwarjini a ranar da aka wanke shi, amma shi ne launin da ya fi tona ƙura da siraran zanen da tsumman wanki ke bari, kuma ya fi ɗaukar zafin rana. Wanda zai tuƙa motar a Kano ko Abuja lokacin hunturu zai ga ta yi furu-furu kafin azahar. Fari da ruwan toka mai haske sun fi haƙuri da irin wannan yanayi.

Kada ka amince da launin da ka gani a fuskar kwamfuta ko waya, ko a ƙarƙashin fitilun ɗakin baje kolin dila. Ka nemi a fito da mota mai irin launin waje, ka dube ta da hantsi, ka sake dubanta da la'asar sakaliya, ka tsuguna daidai tsayin ƙofa ka ga yadda haske ke bin gefenta. Shuɗi mai duhu da ya burge ka a hoto yana iya komawa tamkar baƙi a cikin inuwa.

Batun rim ya fi buƙatar natsuwa. Ruwan azurfa yana bayyana ƙirar ƙafafun rim ɗin sarai. Baƙin rim yana haɗewa da roban taya har ƙirar ta ɓace daga nesa, sannan idan ya gogi gefen kwalbati, farin alminiyom da ke ƙasa zai fito fili kowa ya gani. Rim mai fuska yankakkiya, wanda injin yanka ya shafe samansa ya bar ƙarfen yana sheƙi a ƙarƙashin siririn man kariya, kyakkyawa ne ƙwarai, sai dai da zarar tsakuwa ta fasa man, ruwa zai shiga ya bar fararen tabo masu yaɗuwa, kuma ba a iya sake yanka shi sai sau ƙalilan domin kowane yanka yana cin ƙarfen. Wanda aka fesa wa fentin gari aka gasa a tanda ya fi jure wahalar hanya. Tsohuwar ƙirar Fuchs mai ƙafa biyar, wadda ta fara fitowa a kan 911 S a shekarun 1960, ta nuna amfanin haɗa duhu da haske a rim guda, domin duhun bango shi ke sa ƙafafun su fito.

Wajen haɗa launin bodi da na rim, ka bar abu ɗaya kawai ya ja hankali. Idan bodin ja ne ko rawaya, rim ruwan azurfa ko ruwan toka mai duhu ya wadatar; idan kuwa bodin fari ne, kore mai duhu ko shuɗi, rim ruwan tagulla ko ruwan zinare zai ba shi rai. Ka lura kuma da launin matsen birki, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, wanda ke leƙowa ta tsakanin ƙafafun rim, domin Porsche ta saba sanya ja a samfurin S, rawaya kuma a birkin seramik, wanda ƙurarsa ba ta kai ta birkin ƙarfe ba, kuma jan matsi a gefen bodi ruwan lemo ba ya jituwa.

Idan kana son launin da ba ya cikin jerin kamfani, Porsche tana da tsarin Paint to Sample, amma yana ƙara kuɗi sosai da tsawon jira. Ga motar hannu kuwa, lulluɓe bodi da ledar launi ya fi sake fenti aminci, domin ana iya ɓare ta a tarar da fentin asali yadda yake, kuma masu sayen irin wannan mota suna rage farashi idan launin jikinta bai yi daidai da lambar fentin da kamfani ya rubuta mata ba.